Gwiwata da Gwiwarka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Tanko magini, a Maraɗi, zuwa ga ɗansa Mushe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya kai ka Dakoro lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ka iske mutanen kirki a inda aka tura ka.

Na kira ka Mushe, wato malamin boko, kamar yadda 'yan makarantarka ta lakwal da mutanen unguwa ke kiranka, don kai ne ɗan fari, bakina bai saba da sunanka ba. Wannan kunyar ce ta hana ni zaunar da kai in yi maka magana baki da baki. Hantsi huɗu na yi ina wannan rubutu da ajamina na makarantar allo. Innarka za ta sa takardar cikin akwatinka.

Sati biyar ke nan da lokotoro ya farke maka gwiwa, ya cire guringuntsin da ya yage ranar da keke ya kayar da kai a gangaren gulbi. Takardar gwamnati ta zo, lakwal za ta buɗe, ka ce za ka tafi. Ban hana ka ba, aiki ne. Amma ran nan na wuce ta ƙofar ɗakinka na gan ka kwance da matashi ƙarƙashin gwiwa, kuma innarka ta ce ta tsinci ƙwayoyin da aka ba ka cikin aljihun rigar da ka bayar wanki. Na gane hanyar da ka ɗauka, don ni na riga ka bin ta.

Ka tashi ka gan ni ina ɗingishi, aka ce maka dutse ne. Ga yadda abin ya kasance. Shekara ashirin ke nan, zamanin aikin dole, aka ɗebe mu gyaran gada a hanyar Tasawa. Muna sauke duwatsu daga mota, guda ya kuɓuce wa mutum biyu ya sauka bisa ƙoƙon gwiwata ta hagu, ya raba shi biyu kamar sakaina. Aka kai ni Damagaram. Lokotoron soja ya farke wurin, ya ɗaure ƙashin da waya, ya ɗinke, aka yi mini ɗaurin farar ƙasa irin nasu daga cinya har idon sawu. Aikinsa ba shi da aibu. Na faɗi haka don kada ka ɗora wa dutse ko Nasara abin da ba nasu ba. Dutse ya fasa ƙashi, ƙashi kuma ya haɗe cikin wata biyu. Ɗingishin nan ni na yi wa kaina.

Da aka yanke ɗaurin aka sallamo ni gida, ƙafar ta fito siririya kamar taɓarya, naman cinya ya zube. Aka haɗa ni da Majo Isufu, wanda ke riƙe da gidan likita na nan garin a lokacin. Ya nuna mini abin da zan riƙa yi: in miƙe ƙafa bisa tabarma, in danna bayan gwiwa ƙasa har naman cinya ya ɗaure, in ƙirga goma, in saki. Sannan in zauna bakin gado in bar ƙafar ta sauka da nauyinta. Da safe, da azahar, da la'asar. Na san kai ma abin da aka nuna maka ke nan.

Sau ɗaya na yi. Cinyar ta ɗauki zafi kamar an zuba garwashi, tana rawa ita kaɗai. Na ce a raina ɗinki zai ɓalle. Na naɗe tsohon bargo na tura ƙarƙashin gwiwa, ciwon ya kwanta, ni ma na kwanta. Duk ranar da aka kai ni gidan likita bisa jaki, sai Majo ya ce:

"Tanko, kana yi?"

"Ina yi, Majo."

"Sau nawa?"

"Kamar yadda ka ce."

Wata rana ya kama cinyar ya matsa, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Bakinka na yi. Cinyarka ba ta ji labari ba."

Na yi dariya, na koma gida na ci gaba da kwanciya bisa bargona. Sati shida a haka, ƙafar ta daskare a tsakiya, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwasawa sosai. To, ka cire matashin nan. In za ka ɗaga ƙafa, ka sa shi ƙarƙashin dunduniya, gwiwa ta rataya ta miƙe. Zai yi ciwo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen gwiwa 'yan watanni ne. In ka je Dakoro ka nemi majon can tun ranar farko, kuma in ya tambaye ka kada ka yi masa ƙarya. Shi ba abin da zai rasa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ciwo iri biyu ne. Akwai ciwon nama, wanda ke zaune a cinya da sha-raɓa, yana ja, yana tsami, ya fi tsanani da safe in ka tashi ko in ka daɗe zaune, in ka motsa kaɗan kuma sai ya sassauta. Wannan ciwon naman da ya daɗe bai yi aiki ba ne, irin wanda manomi ke ji ranar farko ta huɗa. Ba a gudunsa. Akwai kuma ciwon cikin gaɓa, mai suka kamar tsinke, wanda ke zuwa da kumburi, kuma motsi ƙara shi yake. In ka ji wannan, ka tsaya, ka ɗaga ƙafa. Ni na haɗa su biyun na kira su da suna ɗaya, na guje musu duka.

Ƙwayoyi kuwa, ni ma an ba ni. Na bai wa wani maƙwabci mai ciwon haƙori, don a ce Tanko namiji ne. Ba wanda ya ce. Da na sha su da na iya jure motsa ƙafar. Ka sha naka yadda aka ƙayyade maka, bayan ka ci abinci, kuma ka daidaita shan da lokacin motsa ƙafa. Kada ka wuce ƙa'ida don ka samu tsayuwa gaban allo yini guda. Magani na rufe bakin ciwo ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci.

Bayan ragwanci sai na yi gaggawa. Wata uku da dawowata, labari ya iske ni cewa wani attajirin gyaɗa a Tsibiri, wanda ya yi mini alkawarin ginin soro, ya ba wani magini aikin, don an ce masa Tanko ya gurgunce. Na tashi bayan sallar asuba, na jingine sandata bayan ƙofa. Innarka ta ce:

"Maigida, ko jaki ka ara."

Na ce, "Wanda ya zo bisa jaki shi ake ce wa gurgu."

Mutumin da bai taɓa zagaya unguwa ba tun da aka yanka shi, shi ya kama hanyar Tsibiri a ƙasa, cikin rairayi. Na isa rana ta take. Attajirin ya fito zaure, ya dubi fuskata, ya dubi ƙafar, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Tanko. An riga an ɗora tubali." Ya koma cikin gida. Da na tashi in tafi, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Gwiwar ta cika wando.

Wanda ya yi niyyar ce maka gurgu zai ce, ko da gudu ka zo. Mutanen Dakoro za su ga sabon mushe da sanda, yara za su sa maka suna, ƙila ya bi ka. Ka bar su. Ka riƙe sandarka a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwo ba. Ka nemi kujera a aji ka koyar a zaune, ka riƙa tashi kana ɗan takawa. Tafiya kuma ka ƙara ta kaɗan-kaɗan. Alamar ita ce gobe: in ka wayi gari gwiwa ta fi jiya kumburi, jiya ka wuce gona da iri, sai ka rage. Na yi magana da direban motar da za ku shiga, ya yarda ya ba ka gaba don ka samu miƙe ƙafa. Duk inda ya tsaya ka sauka ka taka. Wajen hawa ka fara da ƙafa mai lafiya, wajen sauka ka fara da mai ciwo.

A Tsibiri ɗin nan na ƙara wani kuskuren tun kafin in bar garin. Aka ɗauke ni aka kai ni rumfar wani wanzami a kasuwa. Ya taɓa kumburin ya ce mataccen jini ne, in aka fitar da shi zan koma Maraɗi da ƙafata. Na ce bismilla. Ya yi tsaga shida dab da ɗinkin lokotoro, ya kafa ƙaho. Na ji sauƙi kuwa, har na yi masa godiya. Aka ɗoro ni bisa jakin wani mai itace, jakin da na ƙi da safe. Kwana huɗu sai zazzaɓi, wurin ya yi ja ya ɗauki zafi, mugunya ta fara tsattsafowa. Majo ya buɗe tsumman, ya ce:

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wanzami."

"Ƙashin da aka ɗaure da waya ka kai wa aska. Ka gode wa Allah in ka tsira da ƙafar."

Ya sake farke wurin ya wanke. Na yi kwana arba'in a kwance, ɗan abin da ya rage na motsi ya tafi.

Ba zagin wanzamai nake ba, su ke mini aski har yau. Amma gwiwar da aka buɗe ba wurin aska ba ce, ba wurin ƙaho ba, ba wurin lalas ba. Za ka samu masu ba ka shawara a Dakoro fiye da masu ba ka ruwa. Ka gode musu, kada ka bar kowa ya huda fatar. In ka ga ja, ko zafi a wurin, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo ita kaɗai, ko numfashi ya yi maka wuya, ka tafi gidan likita a ranar, ko kana tsakiyar darasi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ciwo in ya daɗe yana canza hali, mai shi kuma shi ne na ƙarshen sani. Da na tashi daga kwanciyar nan ba aiki, ba fita, na zama mutumin da ake taka ƙasa a hankali in za a wuce shi. Tuwo ya yi tauri, ruwa ya yi ɗumi, kaji sun cika kuka. Innarka tana jurewa. Wata rana da hantsi, a tsohon gidanmu na cikin kwari wanda ruwa ya ci daga baya, ina zaune a tsakar gida na miƙe ƙafa, ita tana daka. Kai kana da shekara huɗu. Ka kama fara ka ɗaure ta da zare, ka sheƙo da gudu ka nuna mini, ka faɗo da duk nauyinka bisa gwiwar. Ban san sa'ad da na ɗaga ka na yar ba.

Tabon da ke girarka ta hagu, an ce maka faɗuwa ka yi bisa turmi. Turmi ne, amma ba faɗuwa ka yi ba.

Innarka ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye taɓarya, ta cire kallabinta ta ɗaure maka kai, ta goya ka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ciwonka ya fi ƙarfin gidan ga." Ta kai ka wurin Majo ya ɗinke, daga can ta wuce Jiratawa gidan iyayenta. Ita ce daga baya ta zaɓi a ce maka faɗuwa ka yi. Na bar maganar a haka don ta yi mini sauƙi. Ban rubuta wannan don ka ce mini komai ba. In ka yafe, Allah ya saka maka. In ka riƙe, haƙƙinka ne.

Na faɗa maka ne saboda amaryata, 'yarka Rabi, ta fara tafiya, kuma na ga gwiwar mutane take kamawa in za ta miƙe. Ranar da ciwo ya tashi, ka gaya wa maiɗakinka da bakinka, kada ka bar ta ta gane daga tsawa. In za ka zauna a tsakar gida, ka sa ƙafar ciwo gefen bango. A lakwal kuma, ranar da ka tashi da ciwo kada ka taɓa bulala, ko me yaro ya yi. Ka bari sai gobe. In laifin nasa ne, zai kai gobe.

Sati biyar na yi ni kaɗai kafin in ari jaki in tafi biko. Kakanka Arzika, mahaifin innarka, ka san shi da tsufansa, amma a lokacin da sauran ƙarfinsa. Ba'azne ne, bai taɓa salla ba, kuma mutanen kwarin nan kaf wurinsa suke kai targaɗe. Tun ina sabon dawowa daga Damagaram ya aiko a ce in zo ya duba ƙafar. Na mayar da ɗan aiken, na ce ba na son hannun mai tsafi a jikina. Maganar ta kai kunnensa, na sani.

Na iske shi a lambu yana jan jigo yana ba albasa ruwa. Na shirya maganar ban haƙuri tun daga hanya. Bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Sauko in ga ƙafar."

Kunya ta kama ni, suruki zai taɓa mini cinya. Ya ce, "Kunyar ka bar ta bisa jakin." Ya zaunar da ni gindin mangwaro, ya bi cinyar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, bai taɓa tabon ba. Ya ce, "Ƙafar ga ba ta mutu ba. An bar ta ba aiki, ta yi fushi."

Ban ga tsafi ba, ban ga turare ba. Ruwan zafi ne da tsumma da man kaɗe. Kowace safiya ya gasa mini cinya da sha-raɓa har nama ya saki, ya murza da mai, sannan ya zaunar da ni bisa kututture, ƙafar na rataye, ya ɗaura mini 'yar jakar rairayi a idon sawu in ɗaga in sauke. Abin da Majo ya ce ne, da wani baki. Bayan haka in taka tsakanin fangalin albasa. Ya ce, "Yau fangali uku. In ka yi huɗu in kore ka." Gobe huɗu, jibi huɗu, gata biyar. In na gama, ya jiƙa tsumma da ruwan rijiya mai sanyi ya ɗora bisa gwiwar, ya sa in ɗaga ƙafa jikin icce. Ka riƙe wannan: zafi na nama ne kafin aiki, sanyi na gaɓa ne bayan aiki. Kada ka gasa gwiwa mai kumburi. In nama ya murɗe maka farat ɗaya, ka miƙe ƙafar ka jawo yatsu wajenka, ka yi numfashi har ya saki. Kuma ka ci abinci. Wake da nono ya yi ta ɗura mini, ya ce ba a gina cinya da kunu.

A bukkar lambu nake kwana. Sati biyu ƙanwar innarka ke kawo mini tuwo. A na uku innarka ta kawo da kanta, kana bayanta kana leƙena. Ba ka zo kusa ba. Sai da aka cire albasa muka koma Maraɗi mu uku. Ranar tafiya kakanka ya lanƙwasa ƙafar iyakar inda take zuwa, ya ce, "Da ka zo da ɗanyenta, da na miƙe ta. Abin da ya saura muka ƙwato." Bai taɓa tayar da maganar da na aika masa ba har ya mutu. Don haka in ka samu wanda ya san aikin, kada ka tambayi inda yake fuskanta in zai roƙi Ubangiji. Ka duba dai ko hannunsa na riƙe da aska.

Abin da aka ƙwato ya isa in hau tsani in yi gini, da shi na ciyar da ku. Bai isa in durƙusa ba. Shekara ashirin ban zauna zaman tahiya kamar kowa ba. Shi ya sa kake ganina a ƙarshen sahu, gefen bango, ƙafa miƙe, don kada in tare wa wani wuri. Kai yanzu ka yi sallarka a zaune, addini ya yarda, kada ka tilasta gwiwa ta kai ƙasa kafin lokacinta. Amma zaman nan na wata uku ne ko huɗu in ka yi abin da aka ce. In ba ka yi ba, akwai wuri kusa da ni, kuma ba na son ka gaje shi.

In za ka aiko da takarda, kada ka rubuta mini "lafiya lau". Ka kwanta rub da ciki, ka lanƙwasa ƙafar, maiɗakinka ta auna da yatsu abin da ya rage tsakanin dunduniya da mazaunai. Wannan adadin nake so, kowane wata. Ni magini ne, awo nake ganewa.

Ba zan zo tasha ba. Innarka da ƙannenka za su raka ku. In Allah ya kai mu hutun lakwal ka zo gida, za mu tafi masallacin Juma'a tare. Ka shiga sahun da ke gabana, inda zan gan ka.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya ba ka haƙurin jinya, ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya tsare maiɗakinka, ya raya Rabi. Ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Tanko